Kwanon Ƙarƙashin Gado

Hafsatu ta tura ƙofar ɗakin maza da gwiwar hannu, ta fara daga gadon bakin taga. Tun da sabon majo, shugaban masu jinya, ya kafa dokar zagaye, ba wadda ke zama sai an kira ta. Kowace sa'a sai ta bi gado-gado ta tambayi jiki. Hafsatu ba ta ƙi dokar ba. Amsar ce ke ba ta haushi. Mutumin Dakoro, ko ransa ya zo maƙogwaro, ka ce masa ina jiki, zai ce maka da sauƙi.

"Zakiru, ina jiki?"

"Da sauƙi, Madam."

"Ka ci abinci bayan allura?"

"Na taɓa."

Zakiru manomi ne daga Mai Yara, ciwon sukari ya kwantar da shi. Allurar da ake yi masa tana saukar da sukari, dole a bi ta da abinci. Matarsa na da tsohon ciki, mahaifinsa ya rasu, shi ya sa uban matar, Malam Arzika, ya biyo shi jinya. Tsohon ya shimfiɗa tabarma a gindin gadon, ko salla nan yake yi. Har majo yana kafa misali da shi a gaban sauran 'yan jinya, masu kwashe yini a bakin mai shayi.

Da ta dawo bayan azahar, ta tarar da rigar Zakiru sharkaf da gumi, yatsunsa na rawa.

"Ina jiki?"

"Da sau..." Harshen ya yi masa nauyi, idanun suka juye.

Ta matsa da sauri, ƙafarta ta bugi kwano a ƙarƙashin gado. Bai yi ƙarar kwanon da aka cinye ba. Ta ɗaga murfin: shinkafar rana ce, ba a ko sa mata hannu ba, ga furar safe a gefe ta tsinke. Ta soki yatsansa ta auna, ta ga sukarin ya sauka ƙwarai, ta kwasa da gudu ta ɗauko ruwan sukari ta tura masa ta jijiya. Ta tsaya riƙe da hannunsa mai sanyi, tana kiran sunansa, har Allah ya sa ya buɗe ido.

Ta kira tsohon waje, ranta a ɓace.

"Haba Baba! Kana zamne, mutum ya wuni da yunwa bisa allura? Da ban zagayo ba da sai gawa."

"Wallahi ɗiyata, ni ka buɗe mishi kwanon da hannuna. In ce ci, shi ce ya ƙoshi."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta tuna. Ita kanta 'yar ƙauye ce, 'yar Adjekoria. Har yau ko ruwa ba ta taɓa kurɓa ba a gaban uban mijinta. Kunya ta kama ta, don tambayar nan tun safe ya kamata ta yi ta.

"Baba," ta ce a hankali, "ka taɓa ganin ya ci abinci gabanka?"

Malam Arzika ya dubi ƙasa.

"Tun da na ba shi ɗiyata ban taɓa ganin bakinshi na motsi ba," in ji shi. "Ni da na zo in tsare shi. Ashe ni na tsare mishi abinci."

Ya share ido da bakin rawani. Hafsatu ta ji tausayinsa ƙwarai.

A zagayen la'asar babu tabarma a gindin gadon. Zakiru na zaune da kwano a cinya, yana kai loma yana waiwayen ƙofa kamar ɓarawo. Majo ya leƙo, ya ga wurin wayam, ya girgiza kai ya ce ashe shi ma tsohon ya gano hanyar mai shayi.

Hafsatu ta fita ta zagaya bayan ɗakin. Can ta sami tsohon a ƙarƙashin tagar, ya jingina da bango mai zafi, inda ba inuwa, ya karkata kunne.

"Shina ci?" ya tambaya cikin raɗa.

"Shina ci, Baba."

"Alhamdu lillahi. In ya tambaya, ki ce na tahi kasuwa."

Ta dubi leɓunansa da suka bushe suka tsattsage. Kwano ɗaya ake kawo musu, kuma ta ga yadda kwanon ya wuni ba a taɓa shi ba.

"Kai hwa, ka ci?"

"Na taɓa," in ji shi.

Hafsatu ta koma ta ɗauko nata abincin, ta ajiye a bakin tabarmarsa, ta juya ta tafi ba ta waiwaya ba. Daga ranar, in ta gama da gado na ƙarshe, sai ta bi ta bayan tagar.