Inuwar Bangon da Ba a Ɗaure Ba

Mai duba haɗari ta zagayo bayan ginin ke nan, sai ta tarar da magina sun baje a inuwar sabon bango suna hutun rana. Da safen nan tirela ta kawo bangon daga masana'anta, da tagarsa da komai. Injin ɗaga kaya ya tsayar da shi, aka tokare shi da ƙarafa, ba a ɗaure notunansa ba tukuna. Har wani ya rataya rigarsa a jikin ƙarfe ɗaya.

"Don Allah ku tashi daga nan," ta ce. Muryarta dama ba ta nisa.

Suka tashi suna gunaguni. Saura mutum ɗaya, ya jingina da bangon, ya rufe fuska da hular kwano. Babanta ne. Ita ta nema masa aikin.

"Baba, bangon nan bai tsaya ba."

"To kwance yake?"

Magina suka kwashe da dariya. Dogo, direban injin, ya ce, "Ranki ya daɗe, kore shi daga aiki mana, mu ga inda za ki kwana yau."

"Tun ba a haife ki ba nake gini," in ji Baba daga ƙarƙashin hula. "Bango in ya miƙe, magana ta ƙare."

"Wancan na bulo ne, Baba. Wannan ajiye shi kawai aka yi."

"Allah ya yi miki albarka. Je ki."

Iska ta taso. Ƙarfen ya yi ƙara, rigar ta faɗo. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Sai ta cire hular kwanonta, ta zauna kusa da shi, ta jingina da bangon.

Baba ya ɗaga hula. "Me kike yi?"

"Hutawa."

"A nan?"

"Akwai inuwa."

Ya dubi saman bangon, ya dubi ƙarfen. Zumbur ya miƙe, ya fisgi hannunta, bai sake ta ba sai da ya kai ta cikin rana, nesa da bangon.

"Ke wace irin yarinya ce? Bango ko noti babu, ki zauna a gindinsa? Aikin me aka ɗauke ki?" Ya waiwaya. "Dogo! Ku miƙo sufana a ɗaure notunan nan!"

Ta kakkaɓe ƙura, ta mayar da hularta.

"To, Baba," ta ce.