Fuskar Auta

Ni dai na gaji. Ciwon baya kam tuni muka saba da juna, ni da kujerar nan mai gurguwar ƙafa. Abin da ya ƙarar da ni shi ne in sa wa mace riga da safe, kafin la'asar wani ya tuɓe mata.

Sana'ata zane. A bene muke, saman wani shagon gyaran waya, cikin ɗaki mai fanka da ke kuka kamar ana yanka ta. Labarai muke zanawa irin na Japan ɗin nan da ake kira manga, masu manyan idanu da ɗan mitsitsin hanci, mutane na karantawa a waya babi-babi. Mu masu wannan aiki muna da wata ɗabi'a: in za ka ƙirƙiro sabon jarumi, sai ka ari fuskar wani naka, don kada mutanenka su fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Akwai wanda ya ari fuskar surukinsa ya mai da shi shugaban ɓarayi, har gobe surukin bai sani ba. Ni kuwa da aka ba ni labarin wata mai kashe gobara da ake kira Kyaftin, sai na ari ta ƙanwata, Auta.

Da saninta na ara. Ta zauna mini a falo tana mitar wuyanta ya ƙage, ina ce mata ta rufe baki, tana cewa ai bakin ne kyanta. Auta ta haura talatin, magani take sayarwa a wani kanti kusa da tasha. Tana da wushirya, da ɗan tabo a girar hagu, kuma duk na sa su a takardar fuska, wato zanen da kowa a ofis yake kwafa duk lokacin da zai zana Kyaftin. Na ba ta kwat mai kauri har gwiwa, da manyan takalma, da hular kwano. Da babin farko ya fito, babu wanda Auta ba ta nuna wa ba, har mai share musu kanti.

To, a wurinmu mai zanen ciki daban, mai zanen bango, wato hoton gaban labari, daban. Bango na Dogo ne, mutumin da bai taɓa karanta ko shafi ɗaya na labarin ba. Takardar fuska ake miƙa masa, Manaja ya raɗa masa abin da yake so, shi ke nan. Wata safiya na buɗe kwamfuta na ga ƙanwata riƙe da mesar ruwa, kwat a buɗe, abin da ke ƙarƙashinsa bai isa goge tabarau ba. An matse mata ƙugu kamar na zanzaro, an cika sama an cika ƙasa. Amma wushiryar tana nan, tabon yana nan.

Na samu Manaja na tambaye shi wace mahaukaciya ce za ta shiga wuta a haka. Bai yi musu da ni ba, shi ba ya musu. Juyo mini da allon ya yi ya nuna yadda masu karatu suka yi tururuwa, ya ce ba mu muka fara ba, can inda aka ƙirƙiro abin ma haka suke yi, kuma in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Daga nan ciki ma ya bi bango. Kowane babi sai wuta ta ci hannun riga, ko ƙusa ta kama wando, ko ruwa ya jiƙa ta sharkaf. Mazan da ke aiki tare da ita kuwa, wutar nan ko gefen aljihunsu ba ta taɓa lasa ba, mai ladabi ce. In na ɗaga wuyan riga, mai gyara ya sauke shi a kwamfuta. In na tsawaita, ya datse. Da farko ina faɗa har muryata ta dushe, daga baya na koma yin tsaki kawai.

Auta ce ta sha wuyar. Maza suka fara zuwa kantin da ciwon kan ƙarya. Mutum zai tsaya a gaban kanta, ya dubi waya, ya dube ta, ya sake duban waya, yana murmushi. Wani ya tambaye ta ina mesarta. Wani ya ɗauke ta hoto tana miƙa masa magani. Mai kantin ya ce ba ya son taron banza, ya mayar da ita ɗakin ajiya na baya tana jera kwalaye.

Ran Lahadi ta zo gidana, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, ki kashe ta."

Na kashe Kyaftin kuwa. Na shawo kan mai rubuta labarin, rufi ya rufto mata tana fitar da wata tsohuwa. Wallahi ina zanawa ina hawaye, don fuskar 'yar'uwata nake binnewa a ƙarƙashin katako. Manaja ya yaba, ya ce ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Ba a rufa wata ba ya dawo da ita a matsayin fatalwa. Da na tambayi ina kwat ɗin, sai ya ce fatalwa ba ta jin sanyi, ofis ya kwashe da dariya.

Na roƙe shi a canza fuskar, ko tabon kaɗai a goge. Ya ce masu karatu za su cinye mu ɗanye. Sai na tattara alƙalumana na ce na bar aikin. Ko gezau bai yi ba. Ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, takardar fuska dai ta kamfani ce, Dogo zai karɓi zanen ciki. Dogo na can yana tauna murfin biro, ko ɗago kai bai yi ba.

Kai tsaye na wuce kantin su Auta, rana na dukana, ina jin kaina wata jaruma. Na same ta a ɗakin baya zaune kan kwali, babu taga, ƙwan fitila ɗaya. Na ba ta labari ina jiran ta rungume ni. Ta gama liƙa takarda a jikin wata kwalba tukuna, sannan ta tambayi wanda zai ci gaba da zanen. Na faɗa mata. Ta ajiye kwalbar.

"Ki koma, Yaya."

Na ce ta san abin da take faɗa kuwa? Wace tsiya nake tsinanawa a can, tunda duk abin da na ƙara cirewa suke yi?

"Ba duka ba. Wani lokaci sukan manta. Ina dubawa. Kowane babi sai na duba in ga abin da kika bar mini."

Ban san tana karantawa ba. Na ɗauka tun bangon nan ta daina. Na taya ta jera sauran kwalayen muka rufe ɗakin.

Washegari na hau benen nan na ba Manaja haƙuri. Ya ce ba komai, ai ya san zan dawo, ya turo mini babi na gaba. A shafin farko fatalwar na tsaye a kan rufin wani gida, iska na kaɗawa. Na gyara zama a kujerar, na fara zana mata hannun riga.