Wayar Marigayiya

Cikin dare, jirgi na tsakiyar sararin sama, sai tsoho mai gyaran agogo ya ji wata irin tsuwa, tsssss, kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Ya leƙa ƙarƙashin kujera, bai ga komai ba. Ya ce a ransa, ko dai gajimare ne ke gogar cikin jirgin?

Hawansa jirgi na farko ke nan, zai je ganin 'yarsa da ta haihu. Tsarabarsa mai daraja ɗaya ce: tsohuwar wayar marigayiya matarsa, wadda ke ɗauke da muryarta tana waƙar rarrashin jariri. So yake jikan ya ji kakarsa.

Tun bara batirin ya kumbura har murfin ya ɗaga. Mai gyaran waya ya ce, "Baba, wannan ta ɗauki ciki, kuma ba alheri za ta haifa ba. Kawo in sauya batir." Tsoho ya ƙi. Shekara arba'in yana buɗe agogo, ya san abin da aka buɗe ba ya komawa yadda yake. Gani yake in an ɗaga murfin, muryar za ta tashi fir kamar tsuntsu. Sai ya ɗaure wayar da roba tamau, ya ci gaba da yi mata caji.

Matar da ke zaune kusa da shi ta yamutsa fuska. "Baba, aljihunka na hayaƙi!"

Ya zaro wayar, ta ƙona masa yatsu, ta faɗi tsakanin ƙafafunsa. Ma'aikaciyar jirgi ta iso a guje, da safar hannu mai kauri da gorunan ruwa. Tsoho ya sunkuya ya tare wayar da hannu.

"'Yata, kada ki jiƙa ta. Uwar 'ya'yana na ciki."

"Baba, mu ɗari biyu ne a jirgin nan," in ji ta. "Wutar batir ba ta jin rarrashi. Ɗaga hannunka, don Allah."

Can bayansu wani jariri ya tsala kuka. Tsoho ya saurare shi, sannan ya janye hannunsa.

Ta tuttula ruwa har gora uku, wayar na huci tana tartsatsi. Da ta lafa, ta tsunduma ta cikin bokitin ƙarfe mai ruwa, ta wuce da shi baya. Ta dawo ta shafa masa magani a yatsu, ta naɗe da bandeji, ko faɗa ba ta yi masa ba.

Ya jingina kansa da taga. Ya gwada rera waƙar a hankali. Baitin farko ya zo, na biyu ya maƙale. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai tana tattara gorunan.

Maƙwabciyarsa ta gyara masa bargo, ta ce, "Baba, ai dai an tura muryar zuwa wata wayar, ko?"