Gefen Da Ya Bari Wayam

Injiniya yana tsugune gaban saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya na asibitin kaf, sai ga Manaja ya turo ƙofa ko sallama babu.

"Layi ya kai bakin get, kwamfuta ta ƙi karɓar suna ko ɗaya. Me ya faru kuma?"

"Wuri ne ya cika, yallaɓai."

"Matar nan ce dai ko?"

Injiniya ya yi kamar bai ji ba. Matar nan ita ce Mama Mai Kati, wadda ta shekara ashirin tana rajista. Sau biyu sabar tana cika, sau biyun Injiniya yana cewa katunan da take ɗauka a hoto ne suka yi nauyi. Har takardar gargaɗi aka ba ta.

Alhali shi ya san inda gizo ke saƙa. Ranar da ya kafa sabar, shekara biyu ke nan, sauri yake ya je kallon ƙwallo. Ya raba faifan ajiyar gida biyu, ya zuba bayanan asibiti a ɗan ƙaramin, babban ya ce sai Litinin zai haɗa. Litinin ɗin har yau ba ta zo ba. Ga gefen can wayam, ya ninka ƙaramin sau ashirin, amma gyaran sai an kashe saba awa biyu, kuma sai ya faɗi dalili. Shi kuwa mutumin naka, a kira shi gwani ya fi masa abincin rana.

"Rubuta min rahoto," in ji Manaja. "Yau za ta bar teburin nan."

Suna haka sai ga Mama a bakin ƙofa, tabarau a goshi, da 'yar takarda a hannu.

"Ɗana, wallahi na bi yadda ka koya min. Ga abin da na goge, na rubuta duka."

Ya karɓa. Wasiƙu ne, da jadawalin hutu, da hotunan jikoki. Layin ƙarshe ta rubuta: hoton Baban yara, na fuskar kwamfuta.

"Har na marigayi?"

"Na ga shi ne babba. Na ce ko shi ke danne muku wuri."

Kunya ta rufe shi. Abin da ke kan kwamfutarta ko alaƙa ba shi da saba. Ya san haka tun ranar da ya tsaya kanta yana nuna mata yadda ake zubar da kwandon sharar kwamfuta, yana wani ɗaga murya don 'yan layi su ji.

Ya miƙe da ƙyar.

"Yallaɓai, ba ita ba ce. Ni na raba faifan ba daidai ba, tun farko. Zo ka gani."

Manaja ya daɗe yana duban allon, sannan ya dube shi sama da ƙasa.

"Shekara biyu?"

"Shekara biyu."

"Ka gyara. In ka gama ka same ni ofis, da rahoton. Sunanka za ka sa."

Ya fita. Injiniya ya tsaya jiran zagi, don da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Mama ta sauke tabaraunta, ta leƙa allon da ba ta gane komai a kai.

"To yanzu akwai wuri ke nan?"

"Akwai, Mama. Da yawa."

"Madalla. In ka samu sarari sai ka mayar min da hoton. Shi kaɗai gare ni."

Wata guda ke nan da gogewa, kuma ya san an zuba abubuwa a kai. Hoton ba zai dawo ba. Ita kuwa har ta juya, tana ba 'yan layi haƙuri, tana ce musu ɗanta Injiniya yana kan gyara.