Tambaya ta Uku

Aikin likitan sa barci aiki ne mai ban al'ajabi. Mutum ya zo da ƙafarsa, ka kai shi bakin kogin da ba a dawowa, ka riƙe shi a nan awa biyu, ka dawo da shi, ya buɗe ido ya tambaye ka ko an fara. Shekara biyu ke nan Ƙaramar Dakta tana koyon wannan aiki a hannun wani babban likita da ake kira Mai Agogo Biyu, don kowane hannu da nasa agogon, wai bai yarda da ko ɗayansu ba.

Magani uku ake ba majinyaci. Akwai mai sa barci, da mai rage zafi, da mai kashe jiki don kada mutum ya motsa a ƙarƙashin wuƙa. Mai sa barcin ruwa ne a cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe a jikin na'ura, yana zama tururi majinyaci ya shaƙa ta bututu. In ruwan ya yi ƙasa, sai an murɗa maɓallin tukunyar ya koma sifiri kafin a ƙara wani.

"Hannun da ya rufe, shi zai buɗe," in ji Mai Agogo Biyu, kullum ta Allah, har masu koyo suna kwaikwayonsa a bayan idonsa.

Ran Talata da hantsi aka shigo da wani tsoho mai gyaran rediyo, za a yi masa aikin hanji. Ita ta sa shi barci, ta manne masa idanu da filasta kamar yadda ake yi. Ana tsakiyar aiki aka kira Mai Agogo Biyu zuwa ɗakin da ke kusa. Ta ga ruwan tukunya ya yi ƙasa, ta rufe, ta ƙara. Daidai nan nas ta ce ledar ƙarin ruwa ta ƙare. Ta juya ta sauya, ta koma ta zauna tana cike takarda.

Minti goma sha ɗaya. Sai ta ga hawaye ya ɓullo daga ƙarƙashin filasta, ya gangara a hankali ya shige kunnen tsohon. Ta dubi maɓalli. Sifiri. Jikinsa a mace, shi kuwa a farke.

"Innalillahi," ta ce a cikin takunkumi, ta murɗa. Ba wanda ya ɗago kai. Likitan fiɗa na ta ba da labarin tayar motarsa. A takarda ba ta rubuta komai ba.

To, a wannan sashe akwai ƙa'ida: wanda ya sa mutum barci shi zai je masa washegari da tambaya uku. Ta tarar da tsohon a gado na shida, idanunsa jajur, ya damƙe ƙarfen gado. Babban ɗansa na tsaye da flas ɗin shayi.

"Sannu, Baba. Mene ne abu na ƙarshe da ka tuna kafin barci?"

"Fitila."

"Na farko da ka farka fa?"

Ya tsura wa bakinta ido.

"Likita, kada ki wahalar da kanki," ɗan ya ce. "Tun jiya ya ƙi rintsawa. Wai yana ji aka yanka shi. Nas ta ce maganin ne ke sa mafarki, in ya ci gaba a kai shi ɓangaren masu taɓin hankali su duba shi. Baba, kai da ko allura aka nuna maka sai ka tara unguwa, a ce an yanka ka kana ji ka yi shiru?"

"Rufe mini baki, mai kan kwakwa," tsohon ya ce, muryarsa a dishe. "Na yi ihu. Bakin ne ya ƙi. Ko ɗan yatsa ya ƙi." Ya juyo gare ta. "'Yata, saura ɗaya. Na ji kin yi wa na gado biyar guda uku."

Saura shekara ɗaya ta gama koyon aikin. In maganar ta fita za a kafa kwamiti, a cire ta daga ɗakin tiyata, wataƙila ba komowa. In ta ce mafarki ne, shi ke nan, an binne, tsohon kuwa a tura shi can ƙarshen baranda inda tagogi ke da ƙarafa.

"Tsakanin barci da farkawa, ka tuna wani abu?"

"Wani yana cewa tayarsa ta baya ta fashe a kan gada. Ana jan cikina kamar ana zare waya daga akwatin rediyo. Sai wata ta ce innalillahi, can ƙasa-ƙasa, a daidai kunnena na dama. Sai maɓalli ya yi ƙas, ƙas, sau biyu. Shekara arba'in ina murɗa maɓallai, na san kukansu. Daga nan duhu ya zo, Allah ya yi masa albarka."

"Kin ji ko?" ɗan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Har da taya."

Tsohon bai kula shi ba. Tun gaisuwarta ya gane muryar, ta ga haka a idonsa, kuma bai tona ba. Jira yake.

"Ba mafarki ba ne," ta ce. "Tayar baya ce, a kan gada. Ni ce na rufe maganin na manta ban buɗe ba. Minti goma sha ɗaya, Baba."

Ɗan ya ajiye flas a hankali. "Me kika ce?"

Tsohon ya saki ƙarfen gadon. Tafinsa duk shatin ƙarfe.

"Sha ɗaya kacal?" ya ce. "Na ɗauka wuni ne." Ya dubi silin. "To, ba ni da hauka. Amma 'yata, idon nan har yanzu tsoron rufuwa yake. Kina da maganin wannan?"

Ba ta da shi. Ta ɗauki fayil ɗinsa, ta rubuta abin da ba ta rubuta jiya ba, da lokaci da komai, ta sa hannu. Ɗan yana ta ɗaga murya a bayanta yana neman shugaban asibiti. Ta bi baranda har ƙofar Mai Agogo Biyu, ta ƙwanƙwasa.

"Shigo," ya ce, ya dubi hannun hagu, ya dubi na dama. "Kin makara da minti huɗu, Dakta. Lafiya?"

Ta ajiye fayil ɗin a gabansa, a buɗe.