Hannun Hagun Malam Dabo

Malam Dabo na wajen Minjibir ya hana likita taɓa masa hannun hagu.

A gonar gero abin ya faro. Yana cikin huɗa ya ji kamar an ɗora masa buhun gyaɗa a ƙirji, gumi ya keto masa, ya zauna a kan kunya. Ya ce waken jiya ne. Matarsa Barira ta ce tun da take, wake bai taɓa zaunar da shi ba. Ta sa ƙaninsa Iliyasu, limamin unguwarsu, ya nemo mota. Sai birni.

A asibiti wata likita mai suna Safara'u, wadda a haife ya haifi wadda ta girme ta, ta ce jijiyar da ke ba zuciyarsa jini ta toshe, saura ƙiris. Ba za a yanka shi ba. Za a huda wuyan hannu, a zura siririyar roba ta bi jijiya har zuciya, a buɗe wurin, a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi. Ya tambaye ta wane hannu. Ta ce dama. Ya ce bismillah.

Idonsa biyu aka fara. Yana kwance yana kallon ƙirjinsa a talabijin, jijiyoyi kamar saiwar dawa. Roba ta yi ta tafiya, sai ta cije. Likita ta murɗa, ta ja baya, ta sake turawa, ta ƙi. Daga nan ta ce jijiyar hannunsa na dama ba ta bi inda ta kowa ke bi ba, zagaye ta yi ta bayan maƙoshi, kuma haka aka halicce shi, ba kasafai ake gani ba. Wannan ya yi masa daɗi. Ya ce da ma gidansu ba sa bin hanyar kowa.

Sai ta ce a shirya hannun hagu. Ya janye shi, ya danne da cinya.

"'Yata, wannan hannun buta ne. Ba abin da zai bi ta cikinsa ya shigar mini zuciya."

Ta ce to sai ta matsematsi, amma sai an aske wurin. Ya dubi 'yan matan da ke tsaye a kansa, ya ce a mayar da shi gado.

A ɗakin jinya Iliyasu ya zauna ya jawo masa hukuncin lalura, har da Larabci. Dabo ya ce shi ya koya masa tsarki tun yana yawo ba wando. Shi Dabo tun da ya yi wayo bai taɓa ci da hagu ba, bai karɓa ba, bai miƙa ba, kuma ba ɗansa ɗaya da bai sha rankwashi a kan haka ba. Labari zai riga shi isa majalisarsu ta gindin durumi. Da wane ido zai dubi mutane? Iliyasu ya ce ai zuciyar ma a hagu take. Dabo ya ce wannan aikin Allah ne, ba a yi shawara da shi ba. Wannan kuwa an tambaye shi.

Likita ta dawo, ba ta ɓoye masa komai ba. In ya tafi a haka, da wuya ya ga girbi. Ya ce ranar kowa a rubuce take. Yana rufe baki ƙirjin ya sake matse shi. Ya cije haƙora don kada a gani. Tsoro kam ya ji, amma ya riga ya faɗa a gaban ƙaninsa.

Ya sauko da ƙafafu, ya laluba takalmi. Rigar asibiti ce a jikinsa, mai tsaga ta baya, ya tattare ta da hannu ɗaya. Ya duba riga da wando da hula, babu. Barira tana kan tabarma a gindin gado, ta ƙunshe su a zani ta zauna a kai.

"Barira, tashi ki ba ni kayana."

Ba ta ko ɗago ba. "Malam, da hannu biyu kake riƙe garma. A geron da muka ci shekara da shekaru, wanne ne na dama?"

Ya ce ba muhawara ya kira ta ba. Ya tuna mata waye mai gida. Masu jinya a sauran gadaje suka daina hira, Iliyasu ya tsura wa silin ido. Dabo ya miƙa mata hannu, ya sake cewa ta tashi.

Ta gyara zama a kan ƙunshin.

"Ga ƙofa can, ka tafi a haka in za ka iya. Wando kam ba zan bayar ba."