Bugun da Haman Bai Yi Niyya Ba

Haman ya miƙa kalangun kusa da wutar mai soya, wato mai gasa tsire, ya janye, ya sake miƙawa a tsorace. An yi ruwa da safe, kuma fatar kalangu ba ta shiri da danshin Yaoundé, sai an ɗan gasa ta take yarda ta yi magana. Sule mai soya, abokinsa tun suna samari, ya ce in haka zai riƙa yi, har magariba fatar ba za ta ji ɗumi ba.

Yau shekara arba'in cif da fitowar waƙar "Titin Tsinga". A 1985 wasu masu jita, Les Aigles d'Ekoudou, suka so a sa musu gangar Hausawa a cikin kiɗansu na bikutsi. Suka je Etoudi, inda Haman yake yi wa mahauta kiɗa, suka sa shi a taksi sai situdiyo. Ranar ma an yi ruwa, shi kuwa don gaggawa ya gasa fatar fiye da kima. A tsakiyar waƙar, daidai inda jitoci suka yi shiru suka bar shi shi kaɗai, fatar ta tsage. Sautin ya fita kamar an keta sabon yadi. Don kunya ya ƙara bugu biyu a kan yagaggiyar fatar, mai ɗaukar sauti ya ɗaga masa babban yatsa, aka sallame shi.

A gidansu, makaɗin da ganga ta fashe masa a hannu sakarai ne, ba wani suna. Ya ɓoye kalangun cikin babbar riga ya koma gida, ko matarsa bai gaya wa ba. Waƙar kuwa ta ƙi mutuwa. Ya sha sauka daga taksi bai kai inda za shi ba, don kawai direba ya kunna ta.

Yanzu ga mutanen rediyo sun shirya biki, sun gano shi ta hannun 'yarsa Safinatu, ma'aikaciyar jinya wadda bakinta ba ya riƙe labari mai daɗi. Kafin kwana uku duk unguwarsu ta Briqueterie ta ji, har mata sun yi anko. Abin da ake so ƙarami ne, in ji su: ƙarfe huɗu ya hau dandamali ya sake yin bugun nan. Shi kuma ya san ko zai fasa fata goma ba zai sake samun sa ba.

Zauren da ke unguwar Tsinga ya cika har baranda. Ga 'yan ƙabilar Ewondo, ga Bamileke, ga Fulani, ga Turawa da na'urorin ɗaukar hoto, ga mahautan Etoudi sun tare layi guda da hulunansu. Aka zaunar da Haman a kan dandamali, Safinatu a gefensa don ta yi masa tafinta, aka kunna faifan. Babu ƙofar da zai bi ya fita.

Da waƙar ta kusa wurin bugun sai zauren ya yi tsit. Mutane suka ɗaga hannu sama, ɗaruruwa, suna jira. A cikin faifan, fatar ta tsage. Zauren ya ɗauki sowa gaba ɗaya, har sai da Haman ya ji dandamalin yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wata tsohuwa a layin gaba ta dafe ƙirji tana share hawaye da bakin zaninta. Tsigar jikin Haman ta tashi. Abin da ya shekara arba'in yana gudu ke nan, kuma wallahi, yanzu da ya tsaya ya saurara, yana da daɗi. Kamar kukan mutum ne wanda ya daɗe yana dannewa.

Mai gabatarwa ta ce makaɗa daga Douala har ƙasashen waje suna kiran sa bugun Brik, da sunan unguwar Briqueterie, kuma yau ga mai shi. Ta miƙo masa makirufo, ta ce Papa Haman ya faɗa musu sirrin kafin ya buga.

Ya dubi mahautan, ya dubi matan anko. Zai iya cewa sirrin gado ne, ba a faɗa, a tafa masa ya sauka.

"Babu sirri," ya ce da Hausa. "Na gasa fatar da yawa, ta fashe. Shi ke nan."

Safinatu ta juyo ta kalle shi.

"Baba, haka zan faɗa?"

"Haka za ki faɗa."

Ta faɗa da Faransanci, ba ta rage komai ba. Wasu suka yi dariya suna zaton wasa ne. Da suka ga fuskarsa sai dariyar ta mutu a hanya.

Daga cikin makaɗan da aka gayyato wani ya miƙe, mutum mai furfura a gemu, kalangu rataye a kafaɗa. Ya ce sunansa Najib, daga Ngaoundéré. Ya ce shekara tara ya yi yana neman bugun nan, yana sauraron kaset har ya tsinke, don ya ɗauka akwai hannun da ya taɓa yin sa da gangan. Ya nemi izini. Haman ya gyaɗa kai.

Najib ya matse igiyoyin a hammata har suka yi ƙara, ya kwantar da gula a gefen fatar, ya ja ta ya saki lokaci guda. Sautin ya fita, shi ɗin dai, har da bugu biyun nan na bayansa. Haman ya tashi ya taka zuwa gare shi, ya shafa fatar da yatsa. Lafiyarta ƙalau, ko tsaga babu. Ya daɗe yana kallon hannun mutumin, ya manta da zaure da mutanen da ke ciki.

"Baba, ko na yi kuskure?" in ji Najib.

Haman ya gyara ratayar nasa kalangun, ya matso kusa da shi.

"Sake yi," ya ce. "Amma a hankali, yadda zan gani."